Me ya haɗa ɓera da ciwon sikilar ɗana?

Uwar_Biyu: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya, kuma ina roƙon masu ilimi su ba ni amsa da Hausar da zan gane. Ɗana na biyu SS ne, shekararsa tara. Makon jiya kwana uku muka yi a asibiti, ciwon ya tashi masa a ƙafafu da gadon baya. Da muka dawo gida Asawase a nan Kumasi, ƙanwata da ke karatu a Tek, wato jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, ta zo duba shi, ta kwana, da dare ta buɗe kwamfuta tana aikin makaranta. Na leƙa sai na ga layi biyu na haruffa, ɗaya bisa ɗaya. Na ce mene ne wannan? Ta ce na sama furotin ɗin jinin mutum ne, na ƙasa kuma na ɓera, tana gwada su ne don aikinta a kan sikila. Wallahi sai na ji raina ya ɓaci. Yaron da na kwana ina danna wa ƙafa yana kuka, shi za a jera da ɓeran da nake ɗana wa tarko a kicin? Ta yi ta bayani, gajiya ba ta bar ni na saurara ba. Yanzu hankalina ya dawo, ina so in sani. Me ya haɗa su? Kuma akwai wani amfani da wannan aiki ya taɓa yi wa mai ciwo?

Tela_Alabar: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Ni ma zan zauna in ji amsa.

Hajiyar_Sawaba: Sannu 'yata, Allah ya ƙara haƙuri. Wanda bai yi jinyar mai sikila ba bai san dare na da tsawo ba. Na raini biyu, ɗaya ta rigaya mu gidan gaskiya.

Malamin_Sayans: Allah ya jiƙanta, Hajiya. Maman yara, bari in fara, masu bincike su ƙarasa. Ki ɗauki carbi a hannunki. Furotin kamar carbi yake, sai dai 'ya'yansa iri ashirin ne, ana ce musu amino asid, kowane iri da harafin da ake rubuta shi da shi. Yadda aka jera 'ya'yan shi ke sa carbin ya naɗe ya ɗauki wata siffa, siffar kuma ita ce ke yin aiki. Abin da ke ɗaukar iska a cikin jajayen ƙwayoyin jini shi ne himogulobin, carbi huɗu ne a haɗe, biyu alfa biyu beta. Na beta 'ya'yansa 146. A jikin mai sikila ɗa guda ne tak ya canja, na shida daga farko: inda ya kamata a sami gulutamik asid, sai aka sami balin. Sauran 145 lafiyarsu ƙalau. Wani masani mai suna Vernon Ingram ne ya gano hakan a Kambirij ta Ingila, tsakanin 1956 da 1957. To shi ma ɓera yana da himogulobin, na betansa ma 146 ne. In aka jera su sahu biyu, kusan wuri talatin ne kawai suka saɓa. Abin da kika gani a kwamfutar ke nan.

Ɗan_Aboabo: Malam, da girmanka, ni wannan magana ba ta kwanta mini ba. Ita ce hanyar da ake bi a ce mana daga dabba muka fito. Allah ya karrama ɗan Adam, ba a haɗa shi da ɓera.

Malamin_Sayans: Ɗan'uwa, ba wanda ya taɓa karamar ɗan Adam. Ranar layya in ka feɗe rago, ba ka ganin hanta da ƙoda biyu da huhu da zuciya, kamar dai yadda likita zai nuna maka naka a hoto? Ba ka taɓa cewa an wulaƙanta ka ba. Kamannin ne ya zarce har cikin abin da ido ba ya gani.

Alaramma_Tafo: Ɗan_Aboabo, ka duba Suratul An'am aya ta 38, inda Allah ya ce babu wata dabba a ƙasa ko tsuntsu mai tashi da fukafukansa face al'ummomi ne irinku. Maganar asalin halitta babi ne daban, a bar ta ga zamanta. Abin da baiwar Allah ta tambaya shi ne ko aikin na da amfani ga mara lafiya, mu tsaya a nan.

Ɗalibar_Tek: Assalamu alaikum. Ni ce ƙanwar da ake magana. Yaya, ki yafe ni, ban zaɓi lokaci mai kyau ba a daren nan. Ga abin da kika gani, haruffa takwas na farko:

Mutum: V H L T P E E K
Ɓera: V H L T D A E K

Ki ƙirga zuwa na shida. Na mutum E ne, wato gulutamik asid, na ɓera A, wato alanin. A jikin yaronmu kuma V ne a wurin, wato balin. Dalilin da ya sa muke jera su shi ne, in wuri ya zama iri ɗaya a mutum da ɓera da kaza da kifi, alama ce wurin ba ya son a taɓa shi. Misali wuri na 63 da na 92, inda ake riƙe ƙarfen da iska ke maƙalewa, H ne a mutum, H ne a ɓera. Canji a irin waɗannan wurare yakan zo da cuta. In kuma kowace dabba da nata harafin, galibi wurin na da sassauci.

Tela_Alabar: Tsaya 'yar'uwa. Kin ce inda suka saɓa wuri ne mai sassauci. To ga shi a na shidan sun saɓa, kuma nan ne ciwon yake. Ni ban yi boko mai zurfi ba amma wannan lissafin bai fita ba.

Mai_Awon_Jini: Tela, ka sa yatsa daidai kan ƙurjin. Tambayar da ya kamata ɗalibi ya yi ke nan. Ina aiki a ɗakin gwajin jini shekara goma sha ɗaya, kuma wannan wuri na shida ya daɗe yana ba ni mamaki. Gaskiya ne wurin na da sassauci, don yana bayan furotin ɗin ne, ba a cikin cikinsa ba. Ɓera na yawo da alanin a wurin ba abin da ya dame shi. Har a cikin mutane akwai masu alanin a wurin, ana ce wa nasu himogulobin Makassar, da sunan wani gari a Indunusiya, kuma jininsu ba ya lauje. Matsalar balin ce ita kanta. Ba ta shiri da ruwa, kamar ɗigon mai take. Idan himogulobin ya sauke iskar da ya ɗauko, wani ɗan gurbi yakan buɗe a jikin maƙwabcinsa, wajen wuri na 85 da na 88, sai balin ɗin ta faɗa ciki ta manne. Wannan ya kama wancan, wancan ya kama na gaba, sai su zama dogayen sanduna su miƙe ƙwayar jinin ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi. Ciwon ƙashin da yaro ke kuka da shi daga nan yake. Saboda haka wanda ya dubi layi biyun nan kaɗai ya yanke hukunci, zai ce canji a wuri na shida ba komai ba ne, kuma ya yi kuskure babba. Sai an haɗa da sanin siffar furotin da kuma ganin marasa lafiya.

Ɗalibar_Tek: Haka ne Yallaɓai, kan wannan ma aikina yake. Kuma wannan alanin ɗin ya zama hanyar neman magani. A 2021 masu bincike a Amurka suka nuna za a iya gyara harafi guda a cikin ƙwayar gadon, wato umarnin ƙera furotin ɗin da ake gada daga iyaye, a mai da balin ta koma alanin, wato sikila ta koma Makassar, don da dabarar da suka yi amfani da ita ba a iya mai da ita gulutamik asid kai tsaye. A jikin ɓeraye suka gwada.

Baƙon_Tamale: Na duba a intanet na ga an rubuta wuri na bakwai, ba na shida ba. Wane ne daidai?

Mai_Awon_Jini: Duka biyun. Kowane furotin da harafin M ake fara ƙera shi, a himogulobin sai a yanke shi daga baya. Masu ƙirga da M su ce bakwai, tsofaffin littattafai da likitoci su ce shida.

Uwar_Biyu: Na gode, na fara gani. Amma in ɓera ba ya sikila, ta yaya ake gwada maganin sikila a jikinsa?

Ɗan_Legon: Anti, gaisuwa daga Ankara. Amsar ita ce sai da aka ƙera ɓeran da ke yi. An fara da sa masa ƙwayar gadon sikila ta mutum a kan tasa, sai ciwon ya ƙi fitowa sosai, saboda himogulobin ɗinsa na ɓera yana shiga tsakani yana hana sandunan haɗuwa. Sai a 1997 ƙungiyoyi biyu a Amurka, ɗaya a Berkeley ɗaya a Alabama ƙarƙashin Tim Townes, suka cire na ɓeran gaba ɗaya suka bar na mutum zalla. Waɗannan ɓerayen suna ƙarancin jini, saifarsu na kumbura, ƙodarsu na lalacewa, kamar dai yadda ake gani a mutane. Amfanin da aka samu kuwa, ga guda. Jariri a ciki yana da wani himogulobin daban wanda ba ya lauje, shi ya sa ba a cika ganin ciwon ba sai yaro ya kai wajen wata shida. Akwai wani furotin, BCL11A, da ke kashe wannan na jarirai bayan haihuwa. A 2011 aka cire shi a jikin ɓeraye masu sikila, na jariran ya dawo, jininsu ya gyaru. Maganin Casgevy da Ingila ta amince da shi a Nuwamba 2023, Amurka a Disamba, kan wannan hanya aka gina shi.

Hajiyar_Sawaba: To ina maganin yake? Mu ba mu gan shi ba.

Ɗan_Legon: Hajiya, kuɗin da aka sa masa a Amurka a 2023 dala miliyan 2.2 ne ga mutum guda. Kuma sai an ciro ƙwayoyin ɓargon mutum, a gyara su, a ba shi magani mai ƙarfi ya kashe tsohon ɓargon, sannan a mayar masa. Ba ƙaramin aiki ba ne.

Hajiyar_Sawaba: Wannan shi ke ci mini rai. A Ghana kusan jarirai biyu cikin ɗari da ciwon ake haihuwarsu. Mu ke da ciwon, maganin na wata ƙasa. Ba na raina aikin masu bincike, amma ranar da 'yata ta cika, abin da muka rasa jini ne leda biyu, ba wani abu daga Turai ba. Mun zaga har dare. Don Allah matasa ku riƙa ba da jini.

Direban_Kejetia: Hajiya ta faɗi gaskiya. Ni O ne, duk mai buƙata a Kumasi ya yi magana a nan.

Nas_Zango: Allah ya saka, Direba. Ina so in ƙara a kan maganar Hajiya, kada mu ɗauka komai daga waje yake zuwa. A nan Kumasi, a asibitin Komfo Anokye, aka fara gwada jarirai tun ranar haihuwa a 1995, ƙarƙashin Farfesa Kwaku Ohene-Frempong, wanda ya rasu a 2022. Yaron da aka gane da wuri aka sa shi kan fenisilin da rigakafi, aka koya wa uwarsa taɓa saifa da gaggawar zuwa asibiti in zazzaɓi ya zo, ya fi samun damar girma. Kafin shi ma akwai Dakta Felix Konotey-Ahulu, wanda ya bi diddigin ciwon a danginsa na Krobo har zuwa 1670. Kakanninmu sun san shi tun kafin a zo da madubin likita: Asante na ce masa ahotutuo, Ga na cewa chwechweechwe, mu mu ce amosanin jini. Maman yara, in ba a taɓa yi miki maganar maganin haidiroksiyuriya ba, ki tambayi likitansa ko ya dace da shi. Shi ma himogulobin na jarirai yake ƙarawa.

Uwar_Biyu: Yana sha, Anti Nas, shekara biyu ke nan. Tashin ciwon ya ragu ƙwarai, wannan ne na farko a bana.

Baƙon_Tamale: Tunda ana maganar wuri na shida bari in ba da nawa labarin, ko wani zai tsira. Kafin aurena na je wani ɗakin gwaji aka ɗiga wani ruwa a jinina aka duba, aka ce ba ni da sikila. Matata AS ce, mun sani, muka ce ai shi ke nan. 'Yarmu ta fari sai ga ta SC. Ashe ni AC ne, ina ɗauke da wani nau'in himogulobin da ake ce wa C. Gwajin da aka yi mini S kaɗai yake gani, ba ya ganin C. A arewacin Ghana da Burkina Faso kuwa C ya yi yawa. Duk mai shirin aure ya ce a yi masa gwajin da ke raba nau'o'in himogulobin, ya karɓi takarda mai harafi biyu a rubuce.

Mai_Awon_Jini: Allah ya raya ta. Ka ga C ɗin ma a wuri na shidan yake, laisin ce, wato K, ta zauna a wurin. Wuri guda, harafi huɗu: E lafiya, A lafiya, K ciwo mai sauƙi, V ciwo mai tsanani. Kuma a riƙa kai ta duba ido, masu SC sun fi samun matsalar ido.

Ɗan_Aboabo: Na karanta duka, na kuma janye zafin da na yi da farko. Amma har yanzu ina da ja. Kun ce da kanku sai da aka cire jinin ɓera aka sa na mutum kafin ya yi ciwon. To ashe ba kama suke ba ke nan. In an ce kashi tamanin ko tamanin da biyar iri ɗaya ne, ragowar fa? Ba a cikin ragowar mutum ya zama mutum ba?

Ɗan_Legon: Jan naka na kan hanya, kuma masu aikin sun fi kowa sanin haka, don sun sha ƙonewa. An fitar da cikakken jerin gadon ɓera a Disamba 2002, ba da daɗewa ba bayan daftarin na mutum na 2001. Aka ga kusan kowace ƙwayar gado ta ɓera tana da 'yar'uwa a mutum, wuraren da ke ƙera furotin kuma sun yi daidai kusan 85 cikin 100. Sai dai wani abu ya fito da ya ɗaure kai. Akwai wuraren da harafin da ke sa mutum ciwo, shi ne ɓera ke ɗauke da shi lafiya lau. Sanannen misali furotin alfa-sinukilin, mai 'ya'ya 140. A 1997 aka gano wani dangi 'yan asalin Italiya da ciwon makyarkyata na Parkinson ke bi, a wuri na 53 suna da T maimakon A. Aka duba ɓera, T gare shi tun asali. Bayanin da ake bayarwa shi ne wasu wuraren da ya saɓa da mu su ke tare masa illar, ga kuma gajeren rai, shekara biyu zuwa uku ya tafi, ciwon kuwa na manyanta ne.

Ga wani na gida. Adamorobe, ƙauye ne a Jihar Gabas kusa da Aburi, an san shi da yawan kurame har suna da maganar hannu tasu ta kansu. A 1998 Farfesa George Brobby na nan Kumasi da abokan aikinsa Jamusawa suka gano sanadin: furotin konegzin 26, a wuri na 143, W ta maye gurbin R. Daga baya aka ga wannan canji a makarantun kurame a sassan Ghana da dama, kuma cibiyar bincike ta WACCBIP a Jami'ar Ghana da ke Legon ta ci gaba da aiki a kansa. Mutumin da wannan furotin nasa ba ya aiki, kurma ne kawai, yana noma yana aure yana haihuwa. Da aka cire shi gaba ɗaya a ɓera, ɗan tayin ya mutu tun a ciki, saboda mabiyiyar ɓera da shi take miƙa wa ɗa sukari. Jerin haruffan kusan ɗaya, amma jikin da ke amfani da su daban.

Tela_Alabar: Ikon Allah. Ina da yaron shago kurma, hannunsa a keke ya fi na kowa. Iyayensa duk suna ji.

Ɗalibar_Tek: Haka yake zuwa, Baba Tela, kamar sikila. Uwa ta ba da ɗaya uba ya ba da ɗaya, su ba su san suna ɗauke da shi ba. Amma kurumta na da sanadi da yawa, sanƙarau ma na kawo ta, ba za a ce nasa wannan ne ba sai an gwada.

Nas_Zango: Ɗan_Legon, ka yi maganar ƙoda mana. Matasa nawa muke gani a kan injin wankin ƙoda, ba su da sukari.

Ɗan_Legon: Wannan ma ya fi ƙarfafa maganar Ɗan_Aboabo. Akwai wani furotin, APOL1 ake ce masa. A 2010 aka gano nau'i biyu nasa, G1 da G2, da ke ƙara haɗarin ciwon ƙoda, kuma a Afirka ta Yamma suka fi yawa, Ghana da Najeriya na gaba-gaba. Ana ganin sun yaɗu ne don suna kare mutum daga wani nau'in ciwon barci da ƙudan tsando ke kawowa, kamar yadda AS ke rage zafin maleriya. To in ka je neman APOL1 a ɓera don ka jera, layi na biyu babu komai. Ba shi da shi sam. Mutum ne da wasu birai kaɗai ke da shi. Dole sai an dasa wa ɓeran na mutum.

Malamin_Sayans: Kada kuma mu karkata gefe guda har mu manta inda ɓeran ya yi jagora. Akwai wasu ɓeraye masu ƙibar da ta wuce misali da aka lura da su a ɗakin binciken Jackson a Amurka wajen 1950. Sai 1994 Jeffrey Friedman ya gano abin da suka rasa, furotin leftin mai gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi. A 1997 aka sami yara biyu a Ingila da ba sa ƙoshi ko kaɗan, aka duba, shi suka rasa. Da aka fara yi wa irin waɗannan yara allurarsa, cin ya daidaita. Ba don ɓeran ba da ba a san inda za a duba ba.

Direban_Kejetia: Tambaya ta jahilci. Irin ɓeran kasuwa ne ake kamawa? Don na ji an ce suna kawo zazzaɓin Lassa.

Mai_Awon_Jini: Ba jahilci ba ne. A'a, ba a kamawa a kasuwa. Zuriya ce da ake kiwo a ɗaki mai tsabta shekara da shekaru, ana haɗa 'yan'uwa da 'yan'uwa har suka zama kamar tagwaye, don in an ga bambanci a san daga gwajin ne. Wanda aka fi amfani da shi baƙi ne, C57BL/6. Cikinsu kwana ashirin ne ko kusa, wata biyu sun isa haihuwa, shi ya sa a shekara guda ake ganin jikoki da tattaɓa kunne. Mai Lassa wani jinsi ne daban, mai nonuwa da yawa.

Alaramma_Tafo: Abu guda nake so ɗalibanmu su riƙe. Ko da shari'a ta halatta kashe ɓera saboda ɓarnarsa, ba ta halatta azabtar da shi ba. An ba mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha. Dabbar da aka ƙera ta don ta ɗanɗani ciwon da yaron nan ke ji, tana da haƙƙi a kan mai ita. 'Yata ɗaliba, akwai ƙa'ida a kan haka?

Ɗalibar_Tek: Akwai, Malam. Ba a fara aiki da dabba sai kwamitin ɗa'a ya amince, kuma ana bin sharaɗi uku da aka shimfiɗa tun 1959: in akwai abin da zai maye gurbin dabbar a yi da shi, a rage yawansu, a sauƙaƙa musu wahala. Ni ma aikina ko ɓera guda ban taɓa ba. Jerin haruffan suna ajiye kyauta a rumbun intanet na UniProt, in ɗauko in sa a manhajar BLAST ko Clustal su jera mini. Wannan jerawar kanta tana rage dabbobin da za a yi amfani da su, don tana nuna wane canji ya cancanci a bi.

Yar_Nima: Na zo a makare. Abin da ke damuna daban ne. An haifa wa yayata yaro da wata lalura, aka aika jininsa waje, bayan wata huɗu takarda ta dawo cewa an ga canji amma ba a san ma'anarsa ba. Kuɗi masu yawa suka tafi. In jerawar nan na aiki, me ya hana su sani?

Ɗan_Legon: Allah ya ba shi lafiya. Manhajojin da ke hasashe, irin SIFT da PolyPhen, da wannan jerawar suke aiki, su dubi dabbobi da yawa su ce wurin nan ana taɓa shi ko ba a taɓawa. Amma hasashensu shaida ce mai rauni, ba a yanke hukunci da ita ita kaɗai, kin ga dalili a misalin Tela. Shaida mai ƙarfi ita ce a ga canjin a wasu masu irin lalurar, a kuma rasa shi a masu lafiya. A nan muke da giɓi, don yawancin mutanen da aka tattara bayanansu Turawa ne, alhali Afirka ta fi ko'ina yawan bambancin gado. Canjin da ƙila ya zama ruwan dare a unguwar Nima ta Ankara, a rumbunsu baƙo ne. Shirin binciken gadon 'yan Afirka mai suna H3Africa don cike wannan aka kafa shi. Ku adana takardar, ku koma wa likitan bayan shekara ɗaya ko biyu, ana sake duba irin waɗannan sakamakon. In an gwada iyayen ma yakan taimaka.

Ɗan_Aboabo: To ni a nan na tsaya: a jera mutanenmu da mutanenmu tukuna, ɓera ya biyo baya.

Malamin_Sayans: Ni kuma ina ganin ba sai ɗaya ya jira ɗaya ba. Akwai tambayar da mutum dubu ba za su amsa maka ba, don ba za ka cire wa ɗan mutum ƙwayar gado ka ga abin da zai faru ba.

Ɗan_Aboabo: Kuɗin binciken ai ba shi da yawa, Malam. Dole a zaɓa.

Uwar_Biyu: Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Ɓacin raina ya tafi, ko da yake maganar Hajiya ta jini leda biyu ta tsaya mini a rai, na gaya wa babansu mu je mu bayar. Yaron ya samu sauƙi, Litinin zai koma makaranta. Ɗazu na nuna masa haruffa takwas ɗin a waya, na ce ya ƙirga zuwa shida, na ce nasa V ne a nan. Ya daɗe yana kallo. Sai ya ce to na biyar fa, me ya sa namu P na ɓera D, shi ba ya sa ciwo? Ban san abin da zan ce masa ba. Ƙanwata, ke da shi.

Ɗalibar_Tek: Ki ce masa ranar Asabar ina zuwa da kwamfutar, zan juya masa furotin ɗin ya ga inda na biyar yake zaune da idonsa. Ya sha ruwa da yawa kafin nan, kuma a sa masa rigar sanyi da asuba.